Harshen Inna da idon Salisu

Shekara goma sha biyu ke nan cif da aka fita da gawar Inna, mahaifiyarmu, daga gidanmu na Ƙofar 'Yandaka. Duk shekara idan wannan wata ya kama nakan yi mata 'yan layuka a wannan fili na jarida, in roƙa mata gafara, in tuna wa mutane alherinta. Bana sau uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Akwai abin da na ji wata biyu da suka wuce, wanda har yanzu ban ga yadda zan tsallake shi in rubuta yabo irin na bara ba.

Waɗanda suka tashi a cikin birni sun san ta ko da ba su san sunanta ba. Inna mai ido ake ce mata. Idan abu ya faɗa wa mutum a ido, ƙaiƙayin gero ne, ko yashi, ko ƙwaro, ko gashin ido da ya karye ya shige ciki, gidanmu ake nuna mashi. Lokacin sussuka har daga Batagarawa ake kawo mata manoma a bayan babur, hannu dafe da fuska. Sai ta zaunar da mutum a tabarma, ta kurkure bakinta da ruwan gishiri, ta yi bismillah, ta buɗe fatar idon da yatsa biyu, ta sa tsinin harshenta ta zagaya sau ɗaya tak. Daga nan ta tofa a tafin hannunta ta nuna maka abin da ya hana ka sakat. Wani sai ya yi ta kallon ɗan tsinken yana mamakin yadda abu ƙanƙane haka ya sa shi kuka a gaban mutane.

Wurin kakarta ta gaji abin. Ko sisi ba ta karɓa, in ka matsa ka ajiye goro to kafin ka kai bakin titi an rabar. Maza ma ba ta ƙin su, takan ce duk wanda ya shigo da hawaye a ido ɗanta ne. Tana da wani farin ƙyalle da ba ya barin kafaɗarta, da shi take share idon duk wanda ta gama da shi. Da yamma take wanke shi ta shanya. Ni kaina na sha wanke mata shi, ina alfahari ma.

Ƙanena Salisu shi ne namiji ɗaya tilo a ɗakinmu, kuma shi ne mai gidan yanzu. Idonsa na hagu fari ne fat, hakiya ta rufe shi fiye da shekara ashirin. Kafinta ne na ji da gani a da, yana da shago a Ƙofar Kwaya, idan ya kanne ido ɗaya ya dubi katako ba ya buƙatar ma'auni. Bayan idon ya tafi sai guduma ta riƙa sauka a yatsansa maimakon ƙusa. Ya jure shekara biyu, ya haƙura, ya koma sayar da ƙusa da fenti ga yaran da shi ya koya wa aikin.

Akwai labarin da ake bayarwa a gidanmu game da wannan ido, kuma babu jikan da bai haddace shi ba. An ce wata shekara da aka yi annobar Apolo, ciwon nan da ke sa ido ya yi jawur yana zubar da ruwa, ciwon ya kama Salisu da mugun kamu. Inna ta yi ta fama da idon hagu da harshenta, safe da yamma, amma ya fi ƙarfinta. Da ta ga zai haura na dama, sai ta roƙi Allah ya mayar da shi kanta. Kashegari ta wayi gari idanunta biyu sun kumbura sun manne, ta kwanta sati biyu ba ta gani, na daman Salisu kuwa ya warke sumul. Salisu ba ya ba da labarin nan sai muryarsa ta yi rawa. Cewa yake, "Da idon uwata nake gani." Ni ma haka na yarda, kuma na taɓa rubuta shi a nan.

Inna ta rasu, gadon bai mutu ba. Ummi, babbar ɗiyar Salisu, wadda ta ci sunanta, ita ta ɗauka bayan mijinta ya rasu ta dawo gida. Ta iya, ba ƙarya. Hannunta da sanyi, kuma ba ta da ƙyama. Salisu ya fi kowa murna, har sabuwar tabarma ya saya ya sa aka yi wa zauren siminti.

Bana da damina ta ja baya sai Apolo ya sake shigowa gari. Kun dai gani da idonku, ko in ce kun ji a idonku: kowa da baƙin gilashi kamar 'yan rakiyar ango, yara an hana su makaranta, in ka haɗu da mai jan ido sai ka kau da kai wai kar kallo ya sa ka kamu. Mai wannan ciwo ji yake kamar an watsa mashi yashi a ƙarƙashin fatar ido. To ina mai yashi a ido zai nufa a birnin nan? Na je gida wata safiya na tarar da layi tun daga zaure har bakin kwata. A zamanin Inna sai wanda ya sani ya faɗa wa wanda bai sani ba. Yanzu saƙon murya ɗaya a waya ya isa ya cika unguwa. Na tsaya ina kallo zuciyata fal da daɗi, na ce Allah sarki Inna, kin tafi amma ladanki na gudana. Har na karɓi wata jaririya na riƙe wa uwarta, na share mata kwantsa da gefen mayafina.

Bayan kwana biyar na tashi idona ya ƙi buɗuwa. Na yi kwana goma ina fama, jan ya tafi, amma sai na lura rubutu ya koma mani dishi-dishi, fitilar mota kuwa in ta haske ni sai hawaye. Mai abin rubutawa duk mako ba ta wasa da ido. Na shirya na tafi asibitin ido.

Likitar mace ce, ba za ta wuce sa'ar ɗiyata ta fari ba. Ta sa na ɗora haɓa a kan wata na'ura, ta haska, ta daɗe tana dubawa. Ta ce ciwon ya wuce farin ido ya taɓa baƙin, ya bar 'yan ɗige-ɗige, za su dushe a hankali amma sai na yi haƙuri, wataƙila watanni. Sannan ta tambaye ni me na sa a ciki. Na ce ban sa komai ba sai ruwan ɗumi. Ta ce na taimaki kaina. Ta yi mani bayani tiryan-tiryan, irin na wanda ya gaji da maimaitawa: wata ƙwayar cuta ce da suke kira bairas, ba a kallo take bi ba, a hannu take bi, da tawul, da mayafi, da kwalli, da duk abin da ya taɓa wannan ido ya koma wancan. Yashin da mutum ke ji babu shi, kumburi ne. Yawanci in an bar ido ya huta yakan warke da kansa. Abin da ke kashe ido shi ne a yi ta ƙwaƙularsa alhali ya yi laushi, a kuje baƙin, wata cutar ta sami ƙofa, gyambo ya fito, ya warke da hakiya.

Ina gyaɗa kai kamar ɗalibar kirki. Sai ta ajiye biro ta ce, "Hajiya, ke da kike cikin gari, don Allah ko kin san wani gida a wajen Ƙofar 'Yandaka da ake lasar ido? Duk wanda ya zo mana bana idonsa ya ɓaci, in na bi diddigi sai in ji ya biya ta can. Jiya ma an kawo mani yarinya 'yar shekara shida, ban sani ba ko idon zai dawo."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi ban san lokacin da jakata ta zame ta faɗi ƙasa ba. Likitar ta sunkuya ta ɗauko mani jakar tana tambaya ko jiri ne. Na ce jiri ne. Ban ce mata a gidan aka yanke mani cibi ba.

A hanyar komawa ne abin ya ƙarasa faɗo mani, don ina nan ranar da aka fara taɓa idon Salisu. Na zo wankan jego na uku, ina zaune a ƙofar ɗakin Inna, komai a gabana aka yi. Salisu bai shigo da Apolo ba. Lafiyarsa ƙalau, daga shago yake, garin katako ne ya faɗa mashi a idon hagu. A safiyar nan Inna ta gama da masu jan ido ba su yi ƙasa da goma ba. Ta kurkure baki, ta zagaya harshe, ta fito da ɗan ɓurɓushin katakon, ta share mashi ido da farin ƙyallen da ke kafaɗarta tun hantsi. Muka yi mashi dariya, ya ci tuwo ya koma aiki. Bayan 'yan kwanaki idon ya yi ja. Ya ce yana jin yashi, ta sake sa harshe. Ta riƙa fito da wata farar yana tana nuna mana, muna cewa sannu Inna. Safe da yamma, kwana da kwanaki, saboda ɗanta ne, ba baƙon da za a yi wa sau ɗaya ya tafi ba. Da ya ƙi daɗi aka ɗiga ruwan sukari, aka ɗiga wani magani da aka sayo a kemis.

Na daman ma ya yi ja. Amma a daidai lokacin ita ma ciwon ya kwantar da ita, kamar yadda ya kwantar da ni da jaririna da rabin gidan. Sati biyu ba ta iya buɗe ido balle ta duba na wani. Babu wanda ya taɓa idon daman Salisu, sai ya warke kamar na kowa.

Jama'a, shekara ashirin da ɗoriya ina riƙe da duk waɗannan a kaina, ban manta ko ɗaya ba, amma ban taɓa jera su ba. Ni da na yi boko, na koyar da yara tsafta a aji, na duba masu farce ranar Litinin. Rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa ya fi rashin sani muni, don na gani kuma na zaɓi labarin da ya fi daɗi. Na koma wurin likitar bayan sati biyu, na ba ta labarin kamar na wasu maƙwabta. Ta ce bayan wannan tsawon lokaci babu mai iya rantsuwa, amma in haka aka yi, to ita ba ta da wani bayanin da ya fi wannan. Ni ma na nema ban samu ba.

Ban tsaya ba, gida na wuce wurin Ummi. Na ja ta ɗaki na ce ta dakata da masu jan ido, na faɗa mata abin da likita ta ce, ban da zancen ubanta. Na ga ta tsorata. Ta ce, "Gwaggo, ni ma na lura wasu suna dawowa ya fi da muni. Amma Baba ya ce Inna ba ta taɓa korar kowa ba, in na kori mutum ɗaya bai yafe ba." Na ce to aƙalla ta raba ƙyalle. Ta sayo takardar goge hannu, ta daina amfani da ƙyallen. Harshe fa? Harshe ɗaya Allah ya ba ta.

Na sami Salisu a shago. Na bi da shi ta lallashi, na bi ta faɗa, na ce lokaci ya canza, na ce akwai yarinyar da ke kwance a asibiti. Ya bari na gama, sannan ya cire hula ya ajiye a gwiwa. "Haba Yaya, ke kau. Mi likitan ta sani? Shekara nawa gare ta? Ni ne shaida, ga shi a fuskata." Ya ɗora yatsa a ƙarƙashin idonsa na dama. "In abin Inna cuta ne, wannan da mi ya tsira?" Amsar tana kan harshena. Na dubi fuskarsa, na dubi farin idon, na ce rana ta yi, zan tafi gida. Sau uku ina komawa da niyyar faɗa, sau uku ina ɓigewa da tambayar farashin fenti.

Ciwon ya ɗan lafa a gari amma bai tafi ba. Jiya da na wuce mutum shida na ƙirga a zaure, biyu yara ne.

Nakan zauna in tambayi kaina me Inna za ta ce da tana nan. Na san da farko za ta ci mutuncina, don ba ta da sauƙi. Za ta ce boko ya hau mani kai, za ta ce kakarta ta yi, ita ta yi, babu wanda ya taɓa kawo ƙara. Za ta yi wa na'urar likita kallon raini ta ce ita idonta ya ishe ta. Amma na tuna wata rana da aka kawo mata wani mai walda, ɓurɓushin ƙarfe ya nutse mashi a tsakiyar ido. Ta buɗe, ta duba, ta saki. Ta ce, "Wannan ba nawa ba ne, ku kai shi asibiti yanzu, kar garin neman gira a rasa ido." 'Yan'uwansa suka yi ta roƙo, ta tashi ta shige ɗaki ta bar su. Matar da ta yi wannan ta san iyakarta a inda take iya gani. Abin da ya ci ta shi ne abin da ba a gani, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya nuna mata. Ina kyautata zaton da an sa ta ta leƙa na'urar nan sau ɗaya, da ita za ta fara naɗe tabarmar.

Abin da ba na iya tunaninsa shi ne fuskarta in ta gane na Salisu. Nan kam nakan gode wa Allah da ya ɗauke ta ba ta sani ba, sannan in ji kunyar godiyar.

To me ya rage na Inna, in an cire wannan? Na auna na sake aunawa. Manoman da ta cire wa ƙaiƙayi da gaske ta cire masu, sun koma gona. Dubban safiyoyin da ta bar kokonta ya huce don wani baƙo yana hawaye, babu likitan da zai goge su. Niyyarta na wurin Allah, kuma Shi ba ya ruɗewa kamar yadda muka ruɗe. Amma akwai mutane a garin nan, ban san adadinsu ba kuma ba zan taɓa sani ba, da suke yawo da hakiya suna yi mata addu'a. Biyun duka nata ne. Na yi ƙoƙarin in riƙe ɗaya in saki ɗaya, abin ya ƙi. Abin da na tabbata shi ne ba harshe ta bar mana gado ba, tausayin mai ciwon ido ta bar mana, kuma a bana wannan tausayin yana nufin a ce wa mutum ya koma gida ya wanke hannu, ya ware tawul ɗinsa, in gani ya fara dushewa ya tafi asibiti. Allah ya jiƙan Inna, ya yafe mata abin da ta sani da wanda ba ta sani ba, mu ma ya yafe mana.

Na san za a ce na kwance wa gidanmu zane a kasuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma mutanen da ke cika zauren nan ba 'yan gidanmu ba ne, jarida ce kaɗai za ta kai gare su. Akwai kuma dalili na biyu, wanda ba na alfahari da shi. Idon Salisu da ya rage ya daina ɗaukar ƙananan rubutu, ko da tabarau. Duk ranar da wannan fili ya fito, bayan la'asar nakan je shagonsa, ya kori masu hira, ya ba ni kujerarsa, in karanta mashi abin da na rubuta tun daga sama har ƙasa. Na shekara-shekara na Inna kuwa har alwala yake sabuntawa kafin in fara. Na kasa faɗa mashi ina kallonsa, sai na ce bari in gwada ina kallon takarda.

Salisu, in har mun kawo nan ba ka tashi ka bar ni ba, to ka ji da bakina. Ban rage wa Inna komai ba, uwata ce kamar yadda take uwarka, kuma in za ka yi fushi da ni har mu mutu na ɗauka. Amma gobe da safe mutane za su cika zauren nan, kowannensu da ido biyu zai zo.